Farin Reshe a Tankin Gidan Lai

Masu karatu, ku matso kusa, yau bakina cike yake da magana. Ga wanda bai san ni ba, sunana Wan-ju, shekarata talatin da ɗaya, ina aiki a shagon kifin ado da murjani mai rai a nan birnin Kaohsiung. A cewar Mamata kuwa, ni kaɗai ce 'yar da ta rage a layinmu ba a raba wa maƙwabta kek ɗin baikonta ba. Shagon gyaran gashinta yana ƙasan benenmu, kuma babu matar da za ta kwantar da kai a wanke mata ba ta tashi da labarina a kunne ba.

Sheng kuma shi ne mutumin da ya ce ya ji ya gani. Dogo ne, mai sanyin magana, malamin lissafi a makarantar sakandare. A falon gidansu yana da tankin ruwan teku da ya fi gadona tsawo, cike da murjani kala-kala. Duk Asabar sai ya zo shagonmu da ruwan tankin a 'yar kwalba in gwada masa. Na daɗe ina ɗauka iyayi ne, don na san da hannuna na sayar masa da kayan gwajin. Ashe bawan nan idonsa ba ya raba ja da kore, ruwan hoda kuwa da ruwan toka duk ɗaya ne a wajensa. Gwajinmu kuma gaba ɗaya kallon launi ne. Ranar da ya gaya mini, kunnuwansa sun yi ja wur. Na ce masa abin haushin shi ne ba zai taɓa ganin yadda suka yi kyau ba. Daga nan aka fara.

Bari in ɗan buɗe muku sirrin sana'a, don ku gane irin tsiyar da ta same ni. Murjani da abu biyu yake gina ƙashinsa, kalsiyam da kuma kanwar da ke narke a ruwan, wadda mu a shago muke kira KH. Kullum yana sha, kullum ana ƙara masa da injin ɗigawa, kaɗan-kaɗan, kowanne daga kwalbarsa, kowanne a lokacinsa. Ba a haɗa su wuri ɗaya. In suka haɗu da yawa sai su kama juna su koma alli, ruwa ya yi fari, murjani ya tashi a tutar babu. In kanwar ta yi tsalle lokaci guda kuma, sai ta ƙone masa kai. Wannan sana'a ba ta son mai gaggawa, shi ya sa har yau nake mamakin yadda ta karɓe ni.

To, gidan su Sheng, wato gidan Lai, akwai A-ma, kakarsa ta wajen uba. Tsohuwar tela ce, ta haura tamanin, 'yar ƙarama, kullum cikin riga mai furanni da wando baƙi da awarwaron dutse kore a hannu. Ranar da aka fara kai ni gaishe ta na sa doguwar rigata ruwan madara, na ɗaure gashi, na riƙo kwalin gwaiba, Mama ta yi ta ja mini kunne a kan in rufe bakina. A-ma ta nuna tankin da haɓa ta ce,

"Kin ga jikana, yana kunna wa duwatsu fitila dare da rana."

Da na yi murmushi na sha shayina da an wuce wajen. Sai na ji bakina yana cewa,

"Ba dutse ba ne, A-ma. Dabba ce, tana ci tana sha."

Ta dube ni ta saman tabarau tun daga ɗaurin gashi har silifas. Ta ce, "Oho. Ashe malama aka kawo mana." Tun ranar na sa a raina tsohuwar nan ba ta yi da ni.

Da maganar aure ta taso, A-ma ta ce a yi yadda aka yi mata. Aka rubuta ranar haihuwata da sa'ar a jar takarda, aka ɗora a teburin kakanni ƙarƙashin kaskon turare. Kwana uku za ta yi a can. In ba a fasa kwano ba, ba a yi faɗa ba, babu abin da ya yi ciwo ko ya mutu a gidan, to kakanni sun karɓe ni. In an samu akasi, a dawo wa Mama da takardarta, kowa ya kama gabansa. Ta ƙara da dokarta, ƙafata kada ta taka gidan sai an sauke takardar.

Sheng ya kwashe kwanukan tangaran ya ɓoye a saman kabad, kowa a gidan ya koma cin abinci a roba. Ya turo mini hoton A-ma tana shan fate a kwanon yara mai zanen zomo, fuska a murtuke. Na yi dariya har na ƙware.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce,

"Ke dai yi ta washe baki. In ta ɓaci, ɗan Madam Hsueh likitan haƙori yana nan, har yanzu uwarsa tana tambaya."

"Mama, mutumin nan da muka fita cin abinci haƙorana ya yi ta kallo."

"To me kike so ya kalla? Sana'arsa ce. Naki da yake kallon duwatsu fa?"

"Dabba ce, Mama."

"Bakin nan dai! Shi zai kai ki ya baro."

Rana ta farko ta wuce lami lafiya. Rana ta biyu da safe ina tsaye wajen mai karin kumallo, na karɓi ƙwai a nannaɗe da kofin madarar waken soya, sai waya ta yi ƙara. Hoto ne daga Sheng, babu ko gaisuwa. Na duba na sake dubawa. Na kalli kofin da ke hannuna, na kalli hoton, babu bambanci. Tankin ya yi fari fat, ko inuwar kifi ba a gani.

"Wan-ju ki taimake ni."

"Na sauko na tarar da shi haka."

"A-ko za ta zo gobe da yamma a sauke takarda."

A-ko ƙanwar babansa ce, sunanta na yanka Shu-chin, mai jan baki ko gidan makoki za ta, kuma tana da wata 'yar ƙawarta ma'aikaciyar banki da ta tanadar wa Sheng tun yana jami'a. In akwai wanda zai shiga gidan nan da ido biyu yana neman gawa, ita ce.

Na jingina da babur ɗina na kira shi ta bidiyo. Gashinsa a tsaye, rigar barci a karkace.

"Nuna mini kwalaben nan biyu," na ce.

Ya ɗago su. Ranar Asabar na cika su da hannuna, ya kamata su kai wata. Kowacce ta koma rabi.

"Injin ɗigawa ne ya haukace?" ya tambaya.

"Injin ba ya buɗe murfi, Sheng. Dubi bakin kwalbar, a jiƙe yake."

Ruwa ba ya tsami banza, na sani. Amma ba lokacin neman mai laifi ba ne. Na ce ya kashe injin, kada ya ƙara ko ɗigo ɗaya na komai, ya bar famfunan su ci gaba da juya ruwa. Na ce zan aiko masa da jarkokin ruwan teku daga shago, ya canza kaɗan yanzu, kaɗan da yamma.

"Me ya sa ba za mu zubar da shi duka ba?"

"Don abin da ya ji ciwo da tsalle ɗaya ba a warkar da shi da tsalle na biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Yanzu ɗauko kayan gwaji."

Nan muka yi cirko-cirko. Ya ɗebi ruwa, ya tace shi da auduga yadda na ce, ya fara ɗiga magani da sirinji, sannan ya ɗago 'yar kwalbar gaban waya yana kallona kamar maraya. Fitilar tankin shuɗiya ce, ta rine komai, ta waya kuwa ko rigarsa ban iya faɗin launinta ba. Na ce ya je bakin taga. Ya je, wayar ta mayar da ruwan wani iri. Ni ina da ido ba ni da izinin shiga, shi yana ciki ba shi da ido. Na ji hawaye na neman zubo mini a gaban mai soya ƙwai.

Sai na ji takun silifas, da wata murya a bayansa.

"Ba ni nan. Shekara hamsin ina haɗa zare da yadi, ba a taɓa dawo mini da ɗinki ba."

A-ma ce. Ta karɓe kwalbar, ta gyara tabarau, ta leƙo cikin wayar har hancinta ya cika mini fuska.

"Malama, ina jin ki. Me ake nema?"

"Ina kwana, A-ma. Ruwan zai tashi daga shuɗi ya koma ruwan hoda. Sheng zai riƙa ɗigawa, ke kuma ki riƙa kaɗawa. Da ya juya ki ce ya tsaya."

"Wane ruwan hodan? Na cikin kankana ko na cikin gwaiba?"

"Na cikin gwaiba, A-ma."

"To ki riƙa faɗin magana daidai. Kai kuma ɗiga, hannunka sai rawa yake kamar na mai satar kaza."

Ya yi ta ɗigawa. Inda ya kamata ruwa ya juya, bai juya ba. A-ma tana kaɗawa tana cewa, "Saura. Saura. Wannan ai launin tsohon labule ne, ci gaba." Da ta ce "Tsaya!" sirinjin ya ƙare an sake cika shi. Kanwar tankin Sheng a takwas take zama kullum, ranar ta haura goma sha uku. Kalsiyam kuma, da ya kamata a same shi wajen ɗari huɗu da ashirin, ya faɗo ƙasa, ya tafi ya zama allin da ke yawo a ruwan. Wancan gwajin daga ruwan hoda yake komawa shuɗi, kuma A-ma ta kama shi a ɗigon da ya juya, har da cewa shuɗin bai kai na rigar 'yan makaranta ba.

Kafin a kashe waya ta yi gyaran murya.

"Malama. A ce mutum yana so ya ƙara wa abin nan ƙarfi, kamar yadda ake dafa wa mai jego kaza da man riɗi. Nawa ake zubawa?"

"Ba a yi masa haka, A-ma. Cokali ɗaya ma a rarrabe ake ba shi, safe da yamma."

Ta ce, "Hmm." Ta miƙa wa Sheng wayar ta tafi. Ni kuwa hankalina yana kan lambobi, ban kawo komai a raina ba. Ku da kuke karantawa na san kun riga ni.

Ranar nan ban san me na sayar a shago ba. Duk bayan 'yan sa'o'i saƙo yake shigowa. "An fara ganin kifi." "A-ma ta ce sha biyu." "A-ma ta ce in gaya miki ta fi ki iya kaɗawa." Da yamma, lokacin da motar shara ta shigo layinmu da kiɗanta, na fito da leda a hannu ɗaya waya a ɗayan, na kusa jefa wayar a motar. Washegari da safe ruwa ya washe, kifi duk suna nan, allin ya kwanta a kan yashi. Na yi tsalle a kan gado har Mama ta buga silin da sandar mofa.

Tsugune ba ta ƙare ba. Da rana Sheng ya turo wani hoton. Akwai wani murjani mai rassa kamar ƙahon barewa, kore, wanda ni na ba shi kyauta ranar haihuwarsa. Reshe ɗaya na sama ya yi fari tas, naman ya saɓule, ƙashi kawai ya rage. Sauran jikin yana nan da ransa, in aka yanke reshen zai tofo. Amma wancan reshen ya tafi.

"In karye shi in jefar kafin A-ko ta zo?" ya rubuto.

Na rubuta "Eh", na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Kafin in yanke shawara ya turo, "Ta iso. Da wuri ta zo. Tana gaban tankin."

Da yamma aka kira ni ta bidiyo. Ina zaune a shagon Mama a kujerar wanke kai, na sa rigata mai ɗigo-ɗigo, Mama ta tsaya a bayana da almakashi a hannu, wata mata kuma tana ƙarƙashin injin busar da gashi ta kashe shi don ta ji da kyau. A can falon gidan Lai ga Sheng, ga babansa yana ta shafa ƙeya, ga A-ko da jan bakinta, ga A-ma a kujerarta ta katako.

A-ko ta fara. "Ni dai ba na son a ce na faɗa. Amma ga abu ya yi fari a gida, takarda tana kan tebur. Yaya ya ce wai dutse ne. Na ce to a tambayi mai sana'a, ai ita ta taɓa yi wa Mamarmu karatu a kai."

A-ma ta karɓi wayar. Ta dube ni ta saman tabarau kamar ranar farko.

"Wan-ju. Farin nan, dutse ne ko dabba?"

Masu karatu, Mama ta mintsine ni a kafaɗa har sai da na ji a ƙafa. A bayan A-ma ina hango Sheng yana haɗa hannu yana roƙona da ido. Kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai kama ni. Ina son mutumin nan, ina son sa har cikin raina, ban taɓa jin tsoron rasa wani abu kamar yadda na ji a kujerar nan ba. Amma na tuna ni za a kawo gidan, in zauna da tsohuwar nan muna kallon juna, ita ta san na sani, ni na san ta sani.

"Dabba ce, A-ma," na ce. "Uwar tana da rai, za ta warke. Amma wannan reshen ya mutu."

Mama ta saki almakashi a ƙasa. A-ko ta buɗe jaka tana neman abin da za ta sa takardar a ciki.

A-ma ta ce, "Rufe jakarki, Shu-chin."

Ta gyara zama.

"Ni na kashe shi. Na ji an ce dabba ce, tana ci tana sha. Na ce to kada ta je ta mutu mini da yunwa a kwana ukun nan, a ce yarinya ce ta zo da farar ƙafa. Na tashi da sassafe na juye mata rabin wannan da rabin wancan, ta ci ta ƙoshi. Garin neman gira na kusa rasa ido."

"Mama!" in ji A-ko.

"Kakanninku ba makafi ba ne, teburinsu yana kallon tankin. Sun ga hannun da ya zuba, da awarwaro a jikinsa. Yarinyar da aka ba ta ƙofar ƙarya a buɗe ta ƙi shiga, ita za ku mayar wa takarda? In na kwanta ciwo ita kaɗai za ta gaya mini abin da likita ya ce."

Ni dai ban san lokacin da na fara kuka ba. Matar da ke ƙarƙashin injin ma kuka take.

A-ko ba ta saduda ba. Ta ce to a tambayi masu teburin da kansu. A-ma ta ce a tambaya mana. Ta kunna turare, ta ɗauko wasu 'yan katakai biyu jajaye masu siffar jinjirin wata, waɗanda ake tambayar kakanni da su, ta ɗaga su saitin goshi tana motsa baki. In ɗaya ya faɗi a kife ɗaya a buɗe, an yarda. In suka faɗi iri ɗaya, babu. Ta sake su. Na ji ƙarar su a kan tayil. Ɗaya ya tsaya a kife a gaban kowa. Ɗayan ya yi tsalle, ya gangara, ya shige ƙarƙashin kabad ɗin da tankin yake kai, inda ko tafin hannu da ƙyar yake shiga, kuma ƙarti goma ba za su ɗaga shi ba.

A-ko ta kunna fitilar waya. A-ma ta buge mata hannu.

"Wa ya taɓa haska wa iyayensa fitila a fuska? Matsa."

Tsohuwar nan ta durƙusa da kanta, ta kwantar da kunci a ƙasa, ta daɗe tana leƙe. Sannan ta miƙa wa Sheng hannu ya tashe ta. Ta kaɗe wandonta.

"A buɗe yake. Sun yarda. Shu-chin, je ki sauko da kwanukan kirki, na gaji da zomon nan."

Mama ta rungume matar injin busar da gashi, ta ce yau wankin kai kyauta ne. Ni kuma ina share ido saƙon Sheng ya shigo.

"Wan-ju."

"Ta cire tabarau kafin ta durƙusa. Ga shi nan a kan tankin."

"Kuma ƙarƙashin nan ko da rana duhu ne."

Ban gama karantawa ba wani ya shigo, na murya, daga wayarsa. A-ma ce.

"Malama, ranar Asabar ki zo ki yanke reshen nan, ki koya mini cokalin safe da na yamma. Sannan ki zaro mini katakona, hannunki ne siriri. Shu-chin ta ce za ta zo ta ga fitowarsa."

Na kunna wa Mama. Ta saurara sau biyu. Ta dube ni, ta dubi hannuna, ta san 'yar da ta haifa, yatsana yana taɓa katakon zan san a kife yake ko a buɗe, kuma in aka tambaye ni zan faɗa. Sai ta shiga bayan shago, ta fito da sabuwar tsintsiya mai dogon hannu, ko ledarta ba a cire ba.

"Ungo. Surukar kirki ba ta zura hannu a ƙarƙashin kayan mutane. Shara take yi, da ƙarfi, abin da ya fito ya fito yana juyi."

Yau Juma'a. Almakashin yankan murjani yana cikin jakata, tsintsiyar tana ɗaure a bayan babur ɗina. Sai dai tun ɗazu nake kallon hannun nan nawa, kuma A-ma ba ta yi ƙarya ba, siriri ne.